Al-Jazari da hannun da ba ya rawa

A zangon da ya wuce ni da ɗalibaina a nan Aouda mun haɗa hannun katako mai tsawon mita guda, muna motsa shi da sirinji da ruwa. Aikinsa ya ɗauki kofi ya ajiye. Yana ɗauka kam, amma da an tsayar da shi sai ya kama rawa kamar gorar tsinkar mangwaro, ruwan ya zube. Yara suka kwashe da dariya, wani ya ce ai wannan aikin Turawa ne, ba namu ba. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na koma kan wani mutum da na fara jin sunansa tun ina makarantar horar da malamai.

Sunansa Badi'uz Zaman Abul Izz al-Jazari. An jingina shi ga Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furatu. Ya yi shekara 25 yana wa sarakunan Artuƙ aiki a birnin Amid, wato Diyarbakir ta Turkiyya a yau. Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya umarce shi ya rubuta abin da ya sani, ya kammala littafin a 1206. Na'urori 50 ne a ciki, kashi shida, akwai agogunan ruwa, da na'urorin ɗaga ruwa, da na wanke hannu.

Wanda aka fi sani shi ne agogon giwa. A cikin giwar akwai tukunyar ruwa, a kan ruwan kuma kwano mai ƙaramin rami. Cikin rabin awa kwanon ya cika ya nutse, ya ja igiya, ƙwallo ya faɗa bakin maciji, mai tuƙa giwar ya ɗaga hannu ya buga. An ƙera irinsa a kasuwar Ibn Battuta da ke Dubai.

To ni ba giwar ce ta fi burge ni ba, ƙananan dabarunsa ne, waɗanda Donald Hill ya fito da su da ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1974. Al-Jazari kan manna katako falle-falle don kada ya lanƙwashe. Yakan daidaita nauyin wili yadda wani gefe ba zai rinjayi wani ba. Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin fanka mai lanƙwasasshen fiffike ya san amfanin wannan. Yana gwada siffa da takarda kafin ya taɓa ƙarfe, yana goge bakin bututu har sai ya zauna daram. Sannan bai ɓoye ba, ya rubuta mataki-mataki, da zane, yadda wani maƙerin zai iya maimaitawa.

Kada a ɗora masa abin da bai yi ba fa. Lissafin yadda doguwar sanda ke lanƙwasa da rawa sai wajen 1750 Euler da Bernoulli suka shimfiɗa shi. Damuwar dai ɗaya ce. Hannun Canadarm da ya fara tashi da kumbon Amurka a 1981 ya kai mita 15, kuma bayan an motsa shi dole a jira lilonsa ya lafa. Ɗaya daga cikin maganin da ake yi yanzu shi ne kwamfuta ta raba turawar gida biyu, ta biyun ta zo daidai lokacin da za ta kashe lilon ta farko.

Mun gwada duka biyun. Wani kafinta a Sokodé ya manna mana falle uku, muka rataya dutse a bayan hannun don ya daidaita, yaron da ke riƙe da sirinji kuma ya koyi dannawa sau biyu maimakon sau ɗaya. Har yanzu kofin yana ɗan girgiza, amma ruwan na isa tebur. Yaron nan da ya ce aikin Turawa ne, shi ya nemi in ara masa hoton giwar ya zana a littafinsa.