Joan Blaeu (1596–1673): Mai Taswirar Biranen Holan

An haifi Joan Blaeu a garin Alkmaar na ƙasar Holan a shekarar 1596. Mahaifinsa, Willem Blaeu, shahararren mai zanen taswira ne wanda ya yi karatu a wurin masanin taurari Tycho Brahe. Joan ya karanci shari'a har ya sami digirin dakta a 1620, amma daga baya ya rungumi sana'ar gidansu a Amsterdam. Da mahaifin ya rasu a 1638, sai ya gaji maɗaba'ar, ya kuma gaji muƙaminsa na mai zana wa kamfanin Holan na cinikin Gabas taswirori.

A 1648 aka ƙulla sulhun Munster, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 80 tsakanin Holan da Sifaniya. Shekara guda bayan haka Blaeu ya fitar da littafin biranen ƙasar mai suna Toonneel der Steden, a juzu'i biyu: ɗaya na biranen da suka sami 'yanci, ɗaya kuma na waɗanda suka rage a hannun Sifaniya. A cikinsa mai karatu zai ga ganuwa da tituna da hanyoyin ruwa da hasumiyoyin majami'u, tamkar yana leƙen gari daga sama.

Aikin kuwa na masu haƙuri ne. Da farko akan sassaƙa zanen a juye a kan farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin layukan, a goge saman, sannan a danna farantin a kan takarda mai laima. Bayan ta bushe, sai masu launi su bi ta da buroshi. Saboda haka da wuya a sami kwafi biyu masu launi iri ɗaya.

A 1662 ya wallafa babban kundinsa, Atlas Maior, juzu'i 11 cikin Latinanci, ɗauke da taswirori kusan 600. Sai dai a watan Fabrairu na 1672 gobara ta cinye maɗaba'arsa ta Gravenstraat, ta lalata farantai masu yawa. Kasuwancin gidan bai sake farfaɗowa ba, shi kuma ya rasu a 1673.

Kwafin da suka tsira suna ajiye a ɗakunan karatu da gidajen tarihi. Da su ne masana ke gano fasalin biranen kafin a rushe ganuwarsu.