Jimmy Murphy, Malamin Ƙwallon Samari (1910-1989)

Akasarin jama'a, in an ce a auna mai horar da yara wasan ƙwallo, yawan kofunan da ya ɗauka suke ƙidayawa. Wannan ma'auni ba ya isa. Aikin malamin yara sai an yi shekaru goma kafin a ga amfaninsa, kuma tarihin Jimmy Murphy shi ne shaida.

An haife shi a 1910 a kwarin Rhondda na ƙasar Wels, yankin mahaƙa kwal. Ya yi wa ƙungiyar West Bromwich Albion wasa, ya kuma sa rigar ƙasarsa sau 15. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana soja a birnin Bari na Italiya, wata rana ya tara ƴan'uwansa sojoji yana yi musu bayanin ƙwallo. Cikin masu saurare akwai Matt Busby. Da Busby ya karɓi ragamar Manchester United a 1945, sai ya tuna da mai wannan bayani, ya kira shi, ya damƙa masa samarin ƙungiyar.

Murphy ba mai sassauci ba ne. Bobby Charlton ya zo hannunsa yana yaro mai son cilla ƙwallo nesa don burge ƴan kallo. Malam ya riƙa tsare shi bayan kowa ya watse, yana sa shi maimaita gajeren bugu zuwa ga abokin da ke kusa, har girman kai ya fita, gwaninta ta zauna. Bayan Charlton ya ci Kofin Duniya a 1966, bai daina faɗin cewa babu wanda ya gina shi kamar Murphy ba. Da aka ƙirƙiro kofin samari na Ingila, yaransa suka ɗauke shi sau biyar a jere, daga 1953 zuwa 1957.

Ran 6 ga Fabrairu 1958 jirgin saman da ya ɗauko ƙungiyar daga Belgirad ya faɗi a Munik. Mutum 23 suka rasu, takwas daga ciki ƴan wasa, akasarinsu renon Murphy, har da Duncan Edwards mai shekaru 21. Shi kansa ba ya cikin tafiyar, domin shi ke horar da ƙungiyar ƙasar Wels, kuma tana da wasa da Isra'ila kwana guda kafin nan. Abokin aikinsa Bert Whalley, wanda ya tafi, bai dawo ba.

Busby na kwance asibiti rai a hannun Allah. Murphy ya yi ta halartar jana'iza, ya kuma tattara sauran yaran da ke ƙasa. Kwana 13 bayan haɗarin suka ci Sheffield Wednesday 3 da 0, suka yi ta gaba har wasan ƙarshe na kofin Ingila, inda Bolton ta ci su 2 da 0. A wannan shekara ya kai Wels zagayen ƙungiyoyi takwas na Kofin Duniya a Suwidin. Wani yaro ɗan shekara 17, Pele, shi ya fid da su da ci ɗaya tilo.

Manyan ƙungiyoyi sun neme shi da shugabanci, ya ƙi, ya koma ga yaransa. A 1968 United ta doke Benfica 4 da 1 ta ɗauki Kofin Turai. Cikin ƴan wasa 11 da suka shiga fili, takwas a gidan suka tashi: Charlton, George Best, Nobby Stiles, Bill Foulkes, Brian Kidd, David Sadler, John Aston da Shay Brennan, wanda ya fara wasan manya a daren nan na 1958, ya ci biyu.

Duk da haka, Busby ne duniya ta yaba, Murphy kuwa ya ƙare aiki yana zagaya filaye neman sababbin yara. Ya rasu a watan Nuwamba 1989. Sai a 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a filin Old Trafford.