Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya ratsa lissafin Paris

Daga Bilma har Yamai, iyaye sun san wannan labari: yaro ya saba zuwa na ɗaya tun yana ƙaramar lakwal, amma da ya shiga lise ya zaɓi seri C, sai makinsa na lissafi ya soma zubewa. Wasu su sauya layi, wasu su karaya. Mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa ya bi wannan hanya ta inda ta fi tsauri.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan a 1944 ya tafi makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa take tara zaƙaƙuran yaran Afirka ta Yamma don ta yi malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Shi bai tsaya nan ba. Ya wuce lise Van Vollenhoven a Dakar, daga can sai lise Saint-Louis a Paris, azuzuwan share fagen shiga manyan makarantu.

Waɗannan azuzuwa ba a ɗaukar kowa sai wanda ya yi zarra a inda ya fito, saboda haka na ɗaya yana zaune ne kusa da wani na ɗaya, kuma dole wani ya zo na ƙarshe. Lissafin ma ya sauya kama. Haddace ƙa'ida ba ya fid da ɗalibi, sai ya kawo hujjar da ta sa ƙa'idar ta zama gaskiya. Kowane mako malami yakan tsai da shi gaban allo ya yi masa tambayoyi baki da baki. Ga sanyin Paris, ga nisan gida.

Ya sami lisans a 1953, kuma a 1956 ya ci agregasiyo a fannin fizik, gasar da Faransa take zaɓen manyan malamanta da ita, wadda gurabenta ƙidayayyu ne. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya ci ta a wannan fanni. Yana ɗalibi kuma yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa.

Da wannan takarda zai iya zamansa a Turai. Sai ya dawo ya riƙe alli a Dakar da Konakiri da Yamai da Bamako. Abin da ya gani a aji shi ya zuba cikin littafinsa L'éducation en Afrique na 1964, inda ya soki makarantar mulkin mallaka, ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Wannan batu har yau bai tsufa ba: yaron Kawar da ya tashi da Barbarci ko Tubanci ko Hausa sai ya fara kokawa da Faransanci kafin ya kai ga lissafin kansa, kuma sau da yawa tambayar ce bai gane ba, ba lissafin ba.

Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga rana. Ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, ya kammala babban digirinsa na dakta a 1967. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da hasken rana, tun zamanin da mutane da yawa suke ɗaukar abin wasa. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.