William Banting: Dattijon da Ya Rage Ƙiba Ba Tare da Ya Zauna da Yunwa Ba

Idan likita ya ce ku rage tuwo da shinkafa da biredi da sukari saboda ƙiba ko ciwon suga, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne: to me ya rage da za a ci? Irin wannan tunani ne ya zo wa wani dattijo a birnin Landan a shekarar 1862, ranar da likitansa ya lissafa masa abincin da zai bari. Sunansa William Banting. Shi ne mutum na farko da ya yaɗa tsarin rage abinci mai sitaci da sukari ga jama'a, kuma tarihinsa na da amfani ga duk wanda ke fama da kwaɗayi a makonnin farko na wannan tsari.

An haifi Banting a shekarar 1796. Bai yi karatun likita ba. Sana'ar gidansu ita ce haɗa akwatin gawa da shirya jana'iza, kuma kamfaninsu da ke titin St James's ne ke yi wa gidan sarautar Ingila wannan hidima. Su suka shirya jana'izar Sarki George na Uku a 1820, da ta Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, a 1861. Don haka mutum ne mai rufin asiri, wanda kuɗin ganin likita ba ya gagararsa.

Ƙiba ta fara kama shi tun yana ɗan shekara talatin da wani abu. Wani likita abokinsa ya ba shi shawarar motsa jiki, sai ya riƙa tuƙa kwalekwale a kogi da sassafe. Ƙarfinsa ya ƙaru, amma cin abincinsa ma ya ƙaru, nauyi ya ci gaba da hawa. Ya gwada wankan sirace irin na Turkawa, ya sha magungunan wanke ciki, ya ziyarci garuruwan da ake zuwa shan ruwan maɓuɓɓuga don neman lafiya. Ya kuma gwada horar da kansa da yunwa. Wannan ne ma ya fi cutar da shi: jikinsa ya yi rauni, maruru suka feso masa har sai da aka yi masa aiki, da ya warke kuma ƙibar ta dawo fiye da da.

A watan Agustan 1862 yana da shekara 65. Tsawonsa bai wuce santimita 165 ba, nauyinsa kuwa fam 202, wato kusan kilo 92. Ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalminsa. Idan zai sauko daga bene sai ya juya baya yana saukowa a hankali, saboda ciwon gwiwa da idon sawu. Ƙabar cibiya ta fito masa, ganinsa ya ragu, kunnensa ya fara toshewa.

Matsalar kunnen ce ta kai shi ga mafita. Likitan kunnen da ya fara gani ya tafi hutu, sai ya je wurin wani mai suna William Harvey. Shekaru kaɗan kafin nan, Harvey ya saurari laccocin wani masanin aikin sassan jiki ɗan Faransa, Claude Bernard, a birnin Paris. Bernard ne ya gano cewa hanta na ajiye sukari tana kuma sakinsa cikin jini. Daga nan Harvey ya fara tunanin cewa abinci mai sitaci da zaƙi na da hannu a tara kitse, kamar yadda yake da hannu a ciwon suga. Da ya duba Banting, sai ya ɗora laifin kunnen a kan ƙibar, ya hana shi abu shida: biredi, man shanu, madara, sukari, giya da dankalin Turawa.

Ku dubi abin da Banting ke ci kafin wannan rana. Da safe shayi mai madara da sukari da yawa, da gasasshen biredi da man shanu. Da rana nama da biredi mai yawa da kayan fulawa. Da la'asar a sake shayi da biredi, da dare kuma biredi da madara ko wani abin zaƙi. Duk wanda ke karyawa a teburin mai shayi zai gane wannan tsari. Shi kansa Banting ya rubuta cewa da farko ya ga kamar ba a bar masa komai ba, sai da likitan ya nuna masa cewa abin da ya rage na da yawa.

Sabon tsarin sau huɗu ake ci a rana. Da safe nama ko kifi kimanin giram 110 zuwa 140, da shayi ba madara ba sukari, da ɗan gasasshen biredi da bai wuce giram 30 ba. Da rana kifi ko nama ko kaza da kayan lambu, ban da dankali. Da la'asar 'ya'yan itace kaɗan da shayi. Da dare nama ko kifi kaɗan. A cikin jerin akwai barasar inabi, bisa al'adar Turawan wancan zamani. Wannan ɓangaren ba abin koyi ba ne, domin barasa na cutar da hanta, kuma tana iya faɗar da sukarin jinin mai shan maganin ciwon suga.

Abu biyu ya kamata ku lura da su a nan. Na farko, Banting bai zauna da yunwa ba, yana ci yana ƙoshi a kan lokaci. Na biyu, ba a raba shi da sitaci gaba ɗaya ba, an bar masa ɗan biredi da 'ya'yan itace. Waɗannan biyun su ne suka sa ya iya ɗorewa, bayan shekara kusan talatin yana gwaje-gwajen da ba su kai shi ko'ina ba.

Ilimin likitanci na yau ya bayyana dalili. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya na riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan kuka rage sitaci, jiki zai fara cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari tare da gishiri. Shi ya sa a kwanakin farko wasu ke jin ciwon kai, kasala, saurin fushi da tsananin son abu mai zaƙi. Yawanci wannan na lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya haɗa rage sitaci da ƙin cin abinci ya ɗora wa kansa wahala biyu, kuma shi ne ya fi saurin komawa gidan jiya.

Yana da kyau ku iya bambanta yunwa da kwaɗayi. Yunwa a hankali take zuwa, kuma kowane abinci na kashe ta. Kwaɗayi kuwa farat ɗaya yake tasowa, abu guda yake nema, kamar lemon kwalba mai sanyi, ko fura, ko masa da sukari. Sau da yawa sabo ne ke tayar da shi: lokacin da aka saba shan shayi, ƙamshin gasasshiyar masara, gajiya, ɓacin rai ko ƙarancin barci. Idan ya taso, ku sha ruwa, ku tashi daga wurin, ku kama wani aiki na ɗan lokaci, domin yakan yi ƙarfi ne sannan ya sauka da kansa. In har ya ƙi sauka, wataƙila yunwa ce ta gaske, sai ku ci abin da zai riƙe ciki.

Ba sai kuna da kuɗin Banting ba. A gari irin Damari da sauran ƙauyukan Birnin Gwari, inda masara da dawa suka cika rumbu kuma tuwo ne abincin dare, ba a cewa mutum ya bar tuwo ɗungurungum. A rage girman malmala, a ƙara yawan miya: kuka, kuɓewa, alayyahu, rama ko yakuwa. Ƙwai, awara, busasshen kifi, gyaɗa cikin tafin hannu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da kindirmo marar sukari duk suna daɗewa a ciki, saboda furotin da harzar da ke cikinsu ba sa saurin narkewa. Wake da alale na da sitaci, amma sun fi farar shinkafa da biredi riƙe ciki. Yalo da kokwamba na maganin son taune-taune. Abin sha mai zaƙi shi ya kamata ya fara tafiya: lemon kwalba, zoɓo da kunun da aka zuba wa sukari, da shayi mai cokali uku. Zuma ma sukari ce a wurin jini. Manomin da ke yini a gona kuwa buƙatarsa ta fi ta mai zaman shago, don haka awon kowa daban ne.

Ku 'yan uwa da masu girki, rabin aikin a hannunku yake. A gidan da ake ci daga tukunya ɗaya, mai jinya ba zai iya shi kaɗai ba. Ku zuba masa nasa a kwano daban, ku yawaita masa miya da ganye, ku daina matsa masa da ya ƙara loma. Kada ku ajiye alewa da biskit a inda idonsa ke kaiwa.

Sakamakon da Banting ya samu bai zo da gaggawa ba. Kusan rabin kilo yake raguwa a mako. Cikin shekara guda ya sauke fam 46, kimanin kilo 21, ƙugunsa ya ragu da fiye da santimita 30. Ya koma saukowa daga bene kamar kowa, ya kuma ce jinsa da ganinsa sun inganta. Sannu ba ta hana zuwa.

Murnar wannan sauƙi ce ta sa ya rubuta ɗan littafi a 1863 mai suna Letter on Corpulence, wato wasiƙa ga jama'a a kan ƙiba. Bugun farko da na biyu kyauta ya raba su, da kuɗin aljihunsa. Da buƙata ta yi yawa aka fara sayarwa, aka sayar da dubban kwafi, aka fassara shi zuwa wasu harsuna, ribar kuma ya bayar sadaka ga asibitoci da gidajen taimako. Sunansa ya shiga bakin mutane har ya zama kalmar da ake nufin rage ƙiba da ita a Ingilishi na wancan lokaci. A harshen mutanen Suwidin har yau kalmar banta na nufin rage cin abinci don a rame.

Bai tsira daga suka ba. Wasu likitoci sun ce wanda ba likita ba bai kamata ya tsoma baki a harkar magani ba, jaridu sun yi masa ba'a, har aka riƙa yaɗa jita-jitar cewa tsarin ya lalata masa lafiya. Shi kuwa bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro tsarin ba, ya mayar da yabon ga likitansa. Bayan ya kai nauyin da yake so, yakan ɗanɗana abubuwan da aka hana shi jefi-jefi yana auna kansa a sikeli, ya kuma lura cewa sukari ne ya fi saurin dawo masa da nauyi. Darasin da ke nan shi ne, cin abin da aka hana sau ɗaya a wurin biki ko suna bai rushe aikin ba. A koma kan tsari a abinci na gaba.

Akwai shawarar da ya nanata a rubutunsa: kada kowa ya fara sai ya ga likita. A yau wannan shawara ta fi muhimmanci, domin a zamaninsa babu magungunan da ke sauke sukarin jini. Sai a 1921 aka gano insulin a Kanada, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka gano shi, Frederick Banting, danginsa ne na nesa. Idan kuna yin allurar insulin ko kuna shan magani irin glibenclamide, rage sitaci ba tare da an daidaita maganin ba na iya faɗar da sukarinku ƙasa sosai. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri da ruɗewa. Wannan ba kwaɗayi ba ne da za a daure masa. Ku sha ruwan sukari ko lemon kwalba nan take, sannan ku nemi ma'aikacin lafiya. Masu shan maganin hawan jini su riƙa auna jininsu, kada kuma su ƙara gishiri da kansu. Masu juna biyu, masu shayarwa, yara da masu ciwon ƙoda kada su shiga wannan tsari sai da izinin likita.

Ku kuma sani cewa rage sitaci hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Idan aka kwatanta ta da sauran tsare-tsaren rage ƙiba bayan shekara ɗaya ko biyu, bambancin ba shi da yawa. Wanda ya fi cin riba shi ne wanda ya samu tsarin da zai iya zama da shi.

Banting ya rayu shekara 15 bayan fitar littafinsa, bai koma tsohuwar ƙibarsa ba. Ya rasu ranar 16 ga Maris, 1878, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Brompton da ke Landan. Idan kuna shirin farawa, ku tafi da magungunanku asibiti mafi kusa, a auna nauyinku da sukarinku da hawan jininku, ku tsara da likita abin da za ku ci kafin ku yanke abin da za ku bari.