Abubakar Ar-Razi: Likitan Da Ya Rubuta Kuskurensa Don Ɗalibai

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe nake koyarwa, amma wani abu da ya faru a gidana shi ya mayar da ni kan tarihin wannan bawan Allah. Ƙaramar 'yata ta yi ta fama da zafin jiki. Sau biyu muna tasowa daga Samaru zuwa wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, kuma da zarar mun ce zazzaɓi ne sai a rubuta mana maganin cizon sauro. A zuwa na uku ne wata matashiyar likita ta tambayi uwar yarinyar yadda fitsarinta yake, gwaji kuma ya nuna cutar a mafitsara take. Irin wannan tambaya ce ta taɓa kuɓuce wa Ar-Razi sama da shekara dubu da suka wuce, bai kuwa ɓoye ba.

An haifi Abubakar Muhammad bin Zakariyya Ar-Razi wajajen shekarar 865 a birnin Rayyi, kusa da Tehran ta yau a ƙasar Iran. Ya shugabanci asibitin garinsu, daga baya kuma ya riƙe asibiti a Bagadaza. Littafinsa a kan agana da ƙyanda yana cikin rubuce-rubuce na farko da suka bambance cututtukan nan biyu dalla-dalla, alhali a farkon kamuwa suna kama da juna. Ya kuma wallafa littafi sukutum a kan shakkun da yake da su game da koyarwar Jalinusu, babban likitan Girkawa wanda a zamanin ba a cika ja da maganarsa ba.

Ibn Nadim ya ruwaito yadda yake karantarwa. Ɗalibai kan zauna sahu-sahu, maras lafiya ya fara da na farko, in sun gaza ya wuce ga na gaba da su, sai abin ya gagari kowa sannan malam ya tanka. Ke nan sai ɗalibi ya motsa ƙwaƙwalwarsa tukuna kafin ya ji amsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana cikin Al-Hawi, kundin da ɗalibansa suka tattara bayan rasuwarsa, aka kuma fassara shi zuwa Latin a 1279. A ciki ya ba da labarin wani mutum mai masassara da take zuwa tana tafiya, ga yawan fitsari. Ar-Razi ya yi zaton ko zazzaɓi ne mai zagayowa, ko ƙurji a ƙoda, ya kasa tsayar da ɗaya har sai da mugunya ta fito a fitsarin. Daga nan sai ya zauna ya lissafa abin da ya ruɗe shi: mutumin ya saba yin zazzaɓi a da, sai tunani ya karkata can, bai faɗi cewa ƙugunsa na yi masa nauyi ba, shi kuma likitan bai tambaya ba, yawan fitsarin ma ya isa ishara. Ya rubuta duk wannan da hannunsa, domin na baya kada su faɗa ramin da ya faɗa.

Mai karatu, har yau ramin yana nan. A 2015 wani babban rahoto na masana lafiya a Amurka ya ce galibin mutane za su gamu da kuskuren gano cuta aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin cizon sauro. A wurinmu kuwa harshe ma yana ƙara wa ramin zurfi. Bahaushe ya ce zazzaɓi, ko shawara, ko basir, ya riga ya zo da hukuncinsa a baki, ga kuma kunya da ke hana mace ambaton fitsari gaban baƙon namiji. Likitan da layi ya yi wa yawa sai ya karɓi kalmar ya rufe bincike.

Tun 1967 ake horar da likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne. Roƙona ga malaman Shika da takwarorinsu na sauran jami'o'i shi ne su riƙa saba wa ɗalibi da tambayar kansa, kafin ya ɗauki biro, ko wace cuta ce kuma za ta iya kawo wannan alama, da abin da bai tambaya ba. Manyan likitoci su riƙa kawo nasu kurakuran gaban aji ba tare da jin nauyi ba. Mu ma masu nazarin harshe a shirye muke mu taimaka wajen fayyace abin da maras lafiya ke nufi da kalmominsa.

Ar-Razi ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Rayyi wajajen 925. Amsa kuskurensa bai rage masa daraja ba, don ga shi har yau ana karanta shi.