Tarihin Mika'il Sabitski, Mai Zane na Ƙasar Belarus

An haifi Mika'il Sabitski a shekarar 1922, a wani ƙauye na yankin Bitebsk, cikin ƙasar da ake kira Belarus a yau. Yana saurayi ya shiga sojan Tarayyar Sobiyat. Da Jamus ta kawo yaƙi, ya tsaya cikin masu tsaron birnin Sebastopol, har aka ci birnin a 1942, aka kama shi.

Aka kai shi sansanin Bukenwal, inda aka kau da sunansa, aka ba shi lamba 32815, kamar yadda fatake kan yi wa dilar kaya. Daga baya aka mai da shi sansanin Dakau. Can sojan Amurka suka tarar da shi a 1945, yana bakin mutuwa.

Bayan ya komo, ya koyi zane a Minsk da Mosko, ya ƙare a 1957. Tun daga 1974 ya duƙufa zana abin da idonsa ya gani: yunwa, azaba, da fuskokin waɗanda ba su fito ba, domin kada a manta mutane ne. Ya zana kansa a ƙofar sansanin, da lambarsa.

Ya rasu a Minsk a 2010, yana da shekara 88.