SHEIKH ABUBAKAR GUMI: MALAMIN DA KE TAMBAYAR INA HUJJA

'Yan uwa, dattawan da suka yi aiki a masaƙun Kakuri sun san muryar nan da ke fitowa a Rediyon Kaduna idan azumi ya kama. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ne, Allah Ya jiƙansa, daga Masallacin Sultan Bello.

An haife shi a garin Gummi, jihar Zamfara ta yau, a 1924. Ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya yi Midil ta Sakkwato da makarantar shari'a ta Kano, ya ƙaro ilimi a Sudan. A 1962 ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa.

To shi alƙali ba ya yanke hukunci don wani ya yi mafarki, ko don wani ya fi iya jera magana. Shaida yake nema. Haka Malam ya ɗauki sha'anin aƙida. Idan mutum ya zo da mafarki ko kashafi ko wani abu da ya ji a zuciyarsa, Malam bai ɗauke shi hujjar da za a ɗora wa al'umma ba, domin babu mai iya bincika shi sai wanda ya gani. Wayon hankali ma haka ne: abin da mai fasaha ya gina yau, wanda ya fi shi fasaha zai rushe gobe. Amma aya da hadisi ingantacce, kowa na iya buɗe littafi ya duba.

A kan wannan ya wallafa Al-Aƙidatus Sahiha a 1972. Littafin ya tayar da ƙura, malaman ɗariƙa irin su Sheikh Nasiru Kabara suka mayar da martani a rubuce. Malam ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, don talaka ya ga hujja da idonsa. Ya samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992.

Ɗan uwa, ko kana tare da Malam ko kana saɓa masa, tambayarsa tana nan. Wani zai fito a waya ya ce an nuna masa a barci, wani ya ruɗe ka da falsafa. Kafin ka miƙa masa imaninka, tambaye shi ayar ko hadisin.

Allah Ya gafarta wa malamanmu baki ɗaya.